Ƙarfen raga, balo da takalmi: wa ke duba kayan wasan ƴaƴanmu?



Kowace shekara, da zarar an rufe makarantu an shiga babban hutu, sai unguwannin Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa su ɗauki harama. Matasa su kafa ƙungiyoyi, a tsara gasar ƙwallo ta hutu wadda aka sani da sunan TGV, a rubuta takardun neman gudummawa, a kai ɗaya shagon Alhaji, a kai ɗaya ofishin magajin gari. Wani ya sa kofi, wani ya ɗinka riguna da sunan shagonsa a baya, wani ya ba da rago ko buhun shinkafa domin ranar ƙarshe. Wannan duka abin yabo ne, domin yaron da ya wuni a fili ya fi wanda ya wuni a bakin titi. Sai dai in mutum ya karanta takardun nan daga bisa har ƙasa, zai tarar da kuɗin kofi, da na makaɗa, da na kujerun manyan baƙi, amma da wuya ya ga inda aka rubuta sunan wanda zai duba ƙarfen raga kafin a busa usur, ko wanda zai auna iskar balo, ko wanda zai tsaya bakin fili da akwatin magani.

Raunin da ɗan wasa ya ji wa ɗan'uwansa yana da mai hukunci: alƙalin wasa ya busa, ya ɗaga kati, ƴan kallo su yi ihu. Raunin da kayan wasa suka ji wa yaro kuwa ba shi da mai busa masa usur. Ƙarfe ya faɗo, balo ya daki ido, ƙusar takalmi ta tsaga ƙwauri, sai a ce tsautsayi ne, a ɗauke yaro, a ci gaba da wasa. Alhali kuwa ƙarfen nan wani ya ba da kuɗinsa, wani ya yi waldarsa, wani ya kafa shi, wani kuma ya sa hannu a takarda ya ce fili ya shirya. Su waɗannan mutane, galibinsu, su ne masu karanta wannan shafi. Shi ya sa yau na kawo zancen gabanku.

ƘARFEN DA BA YA SALLAMA

Bari mu fara da ragar kanta. Bisa dokar ƙwallon ƙafa, faɗin ragar manya mita 7,32 ne, tsayinta kuma mita 2,44. In aka ƙera ta da bututun ƙarfe, nauyinta na iya kamawa daga kilo 70 har ya zarce 200. Abin lura shi ne yadda nauyin ya rabu: kusan dukansa yana gaba, a ƙarfen bisa da ƙafafu biyu, bayan kuwa babu komi sai zare. Abu mai nauyi a sama maras nauyi a baya, ƙaramin dalili ya ishe shi kifewa. Yaro ya yi tsalle ya kama ƙarfen bisa yana lilo, ko yara uku su hau zaren, ko guguwar farkon damina ta taso, sai ragar ta yo gaba. Kuma in ta yo gaba, ƙarfen bisa yana sauka ne daidai inda wanda ya jawo shi ya faɗi, a kai, ko a wuya, ko a ƙirji. Ƙoƙon kan yaro ɗan shekara takwas ba zai iya da wannan ba.

Dokar wasa ta duniya ta wajabta cewa kowace raga, har da wadda ake ɗauka a sauya mata wuri, a kafe ta da ƙasa sosai kafin a yi wasa. Ƙasashen da suka ɗanɗana wannan masifa sun ƙara da nasu dokoki. A Amurka, raga ta faɗo wa wani yaro ɗan shekara 6 a jihar Ilinoi a 2003, ya rasu. Iyayensa ba su yi shiru ba har sai da jihar ta kafa doka a 2011 kan ragar da ake ɗauka. A Faransa, gwamnati ta fitar da doka ranar 4 ga Yuni 1996 kan ragar ƙwallon ƙafa da ta ƙwallon hannu da kwandon basket, ta ɗora alhakin dubawa bisa wuyan mai filin, ko magajin gari ne ko shugaban makaranta. Gwajin da dokar nan ta tanada ba shi da wuyar ganewa: a rataya nauyin kilo 180 a tsakiyar ƙarfen bisa har tsawon minti ɗaya, sa'annan a ɗaura igiya a ja shi gaba da ƙarfin kilo 110, shi ma minti ɗaya. In raga ta karye ko ta kife, ba ta cancanci yara su tsaya ƙarƙashinta ba.

To, kilo 180 ɗin nan kada ya tsorata kowa. Buhun siminti kilo 50 ne. Buhu huɗu da igiya mai ƙarfi, da mutane biyu masu hankali da za su kori yara nesa kafin a fara, sun isa a gwada kowace raga a ƙasar nan. Babu na'urar da za a jira daga Turai, babu ƙwararren da za a biya kuɗin jirgi.

A wurinmu haɗarin yana da fuska biyu. Ta farko ita ce ragar da ake ja daga wuri zuwa wuri, domin fili ɗaya shi ne na wasa, shi ne na taro, shi ne na sallar idi. An gama taro an maido ta, an tokare ta da dutse biyu, an tafi. Ta biyu ita ce ragar da aka kafa tun da daɗewa, wadda kowa ke ganin ta fi ƙarfin faɗuwa. Bututun da ba a toshe bakinsa ba yana shan ruwan sama, ruwan ya taru a gindi, tsatsa ta ci ƙarfen daga ciki, daidai inda ya haɗu da ƙasa, wurin da ido ba ya kaiwa. Daga waje fenti fari tas, daga ciki kuwa saura ɓawo. Ga shi kuma babban hutu da damina tare suke zuwa: lokacin da yara suka fi yawa a fili shi ne lokacin da rairayi ya jiƙe, gindin ƙarfe ya yi sako-sako. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Maganin kuwa mai walda da magini sun san shi. A haƙa rami mai zurfi, a zuba kankare, a toshe bakin bututu, a shafe gindin da fentin hana tsatsa, a tona a duba shi kowace shekara kafin ruwan farko. Ragar da ake ɗauka, in an gama wasa, a kwantar da ita ƙasa, ko a haɗa biyun fuska da fuska a ɗaure da sarƙa da kwaɗo. A kuma cire ƙugiyoyin ƙarfe da ƙusoshin da ake maƙala zare a jikinsu. Nery Pumpido, mai tsaron gidan da ya ci kofin duniya da Ajantina a 1986, zoben aurensa ne ya maƙale a jikin ƙarfen raga wajen horo, ya yi wa yatsan mummunan rauni, sai da likitoci suka yi masa aiki. Samarinmu masu son zoben azurfa su ji wannan da kyau.

BALO DA ƘWAƘWALWA

Mu koma kan balo, wanda kowa ke ganin abin wasa ne maras cutarwa. Na manya, wato lamba 5, nauyinsa giram 410 zuwa 450 ne, bai kai rabin kilo ba. Amma in ƙaƙƙarfan ɗan wasa ya buga shi, gudunsa na iya zarce kilomita 100 a awa, gudun motar da ke kan hanyar Dogon Dutse zuwa Ƙonni. Wannan shi ne abin da ɗan baya ke tarba da goshinsa, a wasa da wajen horo, shekara da shekaru.

Akwai wani ɗan wasan Ingila mai suna Jeff Astle, na ƙungiyar West Bromwich Albion, wanda ya ci ƙwallon da ta ba ƙungiyarsa kofin Ingila a 1968, ya kuma je gasar kofin duniya ta 1970. An san shi da gwanintar sa kai. Ya rasu a watan Janairu na 2002 yana da shekara 59, bayan ya yi shekaru yana fama da ciwon mantuwa, har ya kai bai gane wasu daga cikin iyalinsa. Jami'in shari'a mai binciken sanadin mutuwa ya yanke cewa cutar sana'a ce ta kashe shi, wato yawan dukan balon fata mai nauyi da kai. A 2014 wani likita na birnin Glasgow, Willie Stewart, ya sake duba ƙwaƙwalwarsa, ya tarar da irin lalacewar da aka daɗe da sani a wurin ƴan dambe.

Mutum ɗaya ba ya zama hujja, shi ya sa likitan nan da abokan aikinsa suka ɗauko takardun tsofaffin ƴan wasan Sikotilan 7.676, suka gwama su da na sauran jama'a masu shekaru irin nasu. Sakamakon ya fito a 2019: tsofaffin ƴan wasan sun fi sauran mutane mutuwa da cututtukan lalacewar ƙwaƙwalwa har kusan ninki uku da rabi. A 2021 suka ƙara tantancewa bisa matsayin kowa a fili, sai ga abin da ya fi ɗaukar hankali: masu tsaron gida, waɗanda ba su cika sa kai ba, ba su bambanta da sauran jama'a ba, ƴan baya kuwa, waɗanda sa kai shi ne aikinsu, haɗarinsu ya kai ninki biyar. Wani binciken da aka yi a Suwidin, wanda ya fito a 2023, ya sami adadin da bai kai wannan ba, kimanin ninki ɗaya da rabi, amma shi ma ya ware masu tsaron gida gefe. Daga cikin mutum goma sha ɗaya da suka ci wa Ingila kofin duniya a 1966, biyar sun ƙare rayuwarsu da ciwon mantuwa, har da Bobby Charlton da ɗan'uwansa Jack.

Wani zai ce ai wancan balon dā ne, na fata, mai shan ruwa ya yi nauyi kamar tubali. Gaskiya ne, kuma tun gasar kofin duniya ta 1986 aka koma ga balon roba wanda ba ya jiƙa. To amma wane balo ƴaƴanmu ke bugawa? Wanda ya kwaile, fatar bisa ta zube, saura tsumman ciki mai shan ruwa kamar soso. In iska ta rage, a kai shi wurin mai faci, a ɗura masa da injin tayar mota ba tare da ma'auni ba, har sai an danna da yatsa an ji kamar dutse, domin a wurin yara balon da ya yi tauri shi ne mai kyau. Daga nan a bar shi cikin rana, zafi ya ƙara masa ƙarfi. Doka ta ba da tazara mai faɗi wajen iskar balo, daga 0,6 zuwa 1,1 a ma'auni, kuma wanda aka tsayar wajen ƙasan tazarar dukansa ya fi sauƙi. Sa'annan yaro ɗan shekara tara, wanda wuyansa bai ƙosa ba, shi ne ke tarbar lamba 5 ta manya, alhali akwai lamba 3 da lamba 4 da aka ƙera domin irinsa.

Hukumar ƙwallo ta Amurka ta hana yara ƴan shekara 10 zuwa ƙasa sa kai tun 2015. A 2020 Ingila da Sikotilan da Ailan ta Arewa suka hana koya wa yaran firamare sa kai a wajen horo. Babu ɗaya daga cikinsu da ta rufe fili ko ta hana yara ƙwallo. Binciken Glasgow ɗin ma ya nuna tsofaffin ƴan wasa sun fi sauran mutane tsira daga mutuwar ciwon zuciya, wato wasan kansa alheri ne ga jiki. Abin da aka rage shi ne dukan da ba dole ba. Wannan kuwa mushen lakwal na ƙauye zai iya yin sa gobe da safe ba tare da ya kashe dala ba.

MINTI BIYAR NA FARKO

Wancan lahani ne mai taruwa a hankali. Akwai kuma na rana ɗaya, wanda abin da aka yi a mintocin farko shi ke raba rai da ajali.

Yaro ya yi karo da ƙarfen raga, ko balo ya same shi a gefen kai, ya faɗi. Abin da aka saba gani shi ne jama'a su rufe shi, wani ya kwara masa ruwa, wani ya ɗaga ƙafafunsa, wani ya girgiza shi, mutum huɗu su kama hannu da ƙafa su yi waje da shi kai na lilo. In akwai tsagewa a ƙashin wuya, wannan ɗaukar ita ce ke ƙarasa shi, ta bar shi a shimfiɗe har ƙarshen rayuwa. Wanda ya faɗi bai motsa ba, ko yake kukan wuya, a riƙe kansa daidai da jikinsa, kada a ɗauke shi sai bisa abu shimfiɗaɗɗe mai tauri, ko da ƙyauren ɗaki ne.

In kuma ya tashi ya ce lafiya lau, nan ne wani haɗarin yake. Mafi yawan girgizar ƙwaƙwalwa ba sa zuwa da suma. Yaro na tsaye, amma ka tambaye shi wa ya ci ƙwallon ƙarshe, ko da wace ƙungiya ake wasa, sai ya tsaya yana kallonka. Irin wannan ya gama wasa a ranar, ko da shi ne gwanin unguwa, ko da wasan ƙarshe ne, domin duka na biyu bisa ƙwaƙwalwar da ba ta warke ba ya fi na farko muni nesa ba kusa ba. Hukumar da ke tsara dokokin ƙwallo ta duniya ma ta amince, tun Yuli 2024, a ba ƙungiya ƙarin canji ɗaya domin wanda ya bugu a kai, saboda kada mai horarwa ya ji ƙyashin fitar da shi.

Akwai jijiyar jini da ke bi ta ƙarƙashin ƙashin gefen kai, tsakanin ido da kunne, inda ƙashin ya fi kowane wuri rashin kauri. In ta tsage, jini yana taruwa sannu a hankali tsakanin ƙashi da ƙwaƙwalwa. Yaro ya koma gida da ƙafarsa, ya ci tuwo, ya ce kansa na ciwo, ya kwanta, uwa ta ce gajiya ce. Da asuba a tashe shi ya ƙi tashi. Saboda haka duk wanda ya bugu a kai, a gaya wa iyayensa a ranar, kada a ɓoye don tsoron faɗa, kuma a sa masa ido kwana biyu. Amai, ciwon kai mai ƙaruwa, barci mai nauyi, rikicewar magana, jijjiga, raunin hannu ko ƙafa, jini ko ruwa daga kunne, ɗan baƙin ido ɗaya ya fi ɗaya buɗewa: ko ɗaya daga cikin waɗannan aka gani, a nufi asibiti a daren, kada a jira gari ya waye. Kada kuma a ba shi asfirin, domin yana ƙara zubar jini.

Ido ma haka. Mutane na zaton balo ya fi ramin ido girma, don haka ba zai taɓa ƙwayar ba. Amma balo yana lotsawa in ya daki fuska, wani sashensa ya shiga ramin ya matse ido. Jini na iya taruwa a gaban baƙin ido, ko fatar gani da ke can ƙurya ta ɓamɓare bayan kwanaki ko makonni, mutum ya riƙa ganin walƙiya, ko baƙaƙen ɗigo, ko wani abu kamar labule ya rufe masa gefe. Nan akwai abin da ya shafe mu fiye da Turawa. Amosanin jini, wanda muka fi sani da emasi, ya yawaita a ƙasarmu, kuma jinin mai emasi in ya taru cikin ido yana toshe hanyar da ruwan ido ke fita, matsi ya hau, jijiyar gani ta mutu. Wannan yana samun har wanda ke ɗauke da rabin gadon ciwon, wato AS, wanda bai taɓa kwanciya ba, bai ma san yana da shi ba. Idon da balo ya daka, kada a murza shi, kada a danna, kada a ɗiga masa nono ko ruwan sukari ko kwalli. A rufe shi da gindin kofin roba ba tare da ya taɓa ido ba, a bar kai a ɗage, a kai shi ga likitan ido, a kuma gaya masa in akwai emasi a dangi.

Na uku shi ne ƙirji. Abin ba ya yawan faruwa, kuma ya fi aukuwa da ƙananan ƙwallaye masu tauri, amma an gan shi a ƙwallon ƙafa ma. In duka ya sauka bisa zuciya a wani ɗan taƙi na bugawarta, wanda bai wuce kashi 2 cikin 100 na daƙiƙa ba, sai tsarin bugun ya rikice, yaro mai cikakkiyar lafiya ya yanke jiki ya faɗi, babu jini, babu karaya. Ruwa da fifita ba su da amfani a nan. In ba ya amsawa kuma ba ya numfashi yadda ya kamata, a kwantar da shi rigingine, a ɗora hannu tsakiyar ƙirji, a riƙa dannawa da ƙarfi sau 100 zuwa 120 a minti ba tsayawa, wani kuma ya kira ƴan kwana-kwana a lamba 18. Aikin nan a yini ɗaya ake koyon sa, kuma ƙungiyar agaji ta Croix-Rouge tana koyar da shi.

TAKALMI, ƘWAURI DA ƊORI

Tun 1990 dokar ƙwallo ta wajabta sa makarin ƙwauri. A filayen unguwa kuwa, wani ya cusa kwali cikin safa, wani ba shi da safar ma. Abin da ya fi muni shi ne a haɗa mai takalmi mai ƙusoshi da mai ƙafa tsirara a wasa ɗaya. Masu shirya gasa su zaɓi ɗaya: ko kowa da takalmi, ko kowa babu. Alƙalin wasa kuma ya duba ƙasan takalma kafin a fara, domin takalmin gwanjo da ya cinye, ƙarfen ciki ya fito, wuƙa ne.

Ƙaramin yanka ma ba abin rainawa ba ne. Filayenmu hanyar dabbobi ne, wasu ma kasuwar raguna ce in layya ta matso, kuma ƙwayar tetanos, cutar da ke sandare jiki ta sarƙe haƙora, a cikin ƙasa mai kashin dabbobi take zama. Ba ta nuna kanta sai bayan kwana 3 zuwa 21, lokacin da kowa ya manta da raunin. A wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, kada a zuba ƙasa ko toka, a je a yi allura.

In an samu karaya, yawancinmu wurin maɗori muke fara zuwa. Ba na raina sana'ar da aka gada kaka da kakanni. Amma karayar da ƙashi ya huda fata ta asibiti ce, ba ta jira. Kuma duk ɗorin da aka ɗaure, a riƙa duba yatsu: in suka yi sanyi, ko suka yi baƙi, ko suka mutu, ko zafi ya riƙa ƙaruwa maimakon raguwa, to ɗaurin ya hana jini wucewa, a kwance shi nan take a tafi asibiti. Sa'o'i kaɗan sun isa nama ya mutu, kuma likitocin fiɗa na ƙasar nan sun sha yanke hannu da ƙafar yara da suka iso a makare ta wannan hanya.

Kada manya su ce zancen na yara ne kaɗai. Ma'aikatan da ke haɗuwa wajen wasan bul bayan tashi daga aiki su tuna cewa ƙwallon da ke hannunsu ƙarfe ne mai nauyin giram 650 zuwa 800, kuma in ya daki wani ya yi tsalle, ba ya zaɓen inda zai sauka. Katako ko tsofaffin tayoyi a ƙarshen fili, da korar yara daga gaban mai jifa, ba za su rage daɗin wasa ba.

WA ZAI ƊAUKI NAUYI?

Na san amsar da wasu za su ba ni: mu ma haka muka taso, da balon tsumma da ragar duwatsu, ga mu nan da ranmu. Haka ne. Sai dai ragar duwatsu ba ta faɗo wa kowa, balon tsumma kuma ba ya fasa ido. Kayan zamani muka karɓa, muka bar ƙa'idojin da suka zo tare da su. Wanda kuma bai tsira ba, ba ya nan balle ya ba da nasa labari. Wasu kuma za su ce ƙasa na fama da abin da ya fi wannan, ga zazzaɓin cizon sauro, ga tsadar hatsi. Wannan ma gaskiya ne, amma abin da nake roƙo bai kai kuɗin hayar kujerun ranar ƙarshe ba. Ƙaddara gaskiya ce, sakaci kuma sunansa sakaci.

Saboda haka, ya kai ɗan kasuwa, in matasa suka kawo maka takarda bana, kafin ka sa hannu a aljihu ka tambaye su wa ya duba raga. Ka rage girman kofi, ka ƙara buhun siminti biyu da ladan mai walda. In za ka sayi balo, ka haɗa da lamba 4 domin ƙanana, da famfon hannu mai ma'auni. Kai kuma mai shigo da kayan wasa daga Kano ko Dubai ko Sin, ka sa makarin ƙwauri cikin kayanka, ka riƙa tallarsa tare da takalmi; ciniki ne, kuma lada ne.

Ya kai shugaban makaranta, ragar da ke farfajiyarka tana ƙarƙashin kulawarka ko da an tafi hutu, domin yaran unguwa ba su san hutu ba. Ka zagaya ka girgiza ta da hannunka. In ta motsa, a kwantar da ita yau, a nemi kuɗin gyara gobe. Ya ku magadan gari da jami'an matasa da wasanni, ku da ke ba da izinin gasa: ku ƙara sharaɗi uku a takardar izini, wato an gwada raga, akwai mai agaji da ya sami horo a bakin fili, akwai motar da aka tanada da sunan direbanta. Hukumar ƙwallo ta FENIFOOT da makarantar INJS mai horar da malaman wasanni su ma suna da abin yi, domin umurni ɗaya daga gare su kan sa kai ga ƙananan yara zai kai inda wannan shafi ba zai kai ba.

Da yawa daga ƴan wasan MENA da muka taɓa tafa wa a filin Janar Seyni Kountché, a irin waɗannan filaye na rairayi suka fara. Waɗanda za su gaje su suna can yanzu, suna lilo a jikin ƙarfen da babu wanda ya duba gindinsa tun ranar da aka kafa shi. Rigakafi ya fi magani. A duba kafin a busa usur.